LABARIN LAMBU DA BAYAN GARI: INA UNGULU TA TAFI?

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma na komo neman ɗan filin nan da ka saba ba ni a shafin wasiƙu, domin in gaya wa 'yan'uwa masu karatu abin da idona ya gane mini a lambu da bayan gari cikin wannan wata na Fabrairu. Amma kafin in shiga labari akwai bashin da zan biya.

Wani malamin makaranta daga Katsina ya rubuto makon jiya, ya ce ya ji daɗin labarin albasa da na bayar, sai dai abu guda ya ɗaure masa kai, watau yadda mutum mai hankali, mai aikin ofis, zai riƙa yawo a ƙasar Zazzau da kare a igiya sai ka ce Bature. To, Malam, na gode, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Karen nan dai ba a cikin gida ya ke kwana ba, ba ya kuwa kusantar inda a ke salla ko inda a ke ajiye tukwane. Na lambu ne, can ya ke kwana, aikinsa korar awaki da gafiya da masu ɗan hali. Malamai sun fi ni sani, su ne kuwa suka ce an yarda a ajiye kare saboda gona da kiwo da farauta. Ni dai da asuba na kan fita bayan ganuwa in kwance shi, mu zaga fadama kafin lokacin ofis ya yi, domin kare da ya wuni a ɗaure ya kwana a ɗaure ba shi da wuyar zama mugu. Sunansa Ƙyale-su, amma kada ka ce da kai na ke, tun kafin wasiƙarka ya ke da sunan.

Yanzu sai labari. Hunturu ya fara tattara komatsansa. Alamar da na fi dogara da ita ita ce Dutsen Kufena. Tun daga watan Disamba in ka tsaya bayan ganuwa ta yamma ka duba, wata rana ba ka ganin kome sai fari fat, kamar an ɗauke dutsen an kai shi wani gari. Masana sun ce yawancin ƙurar nan daga wani ƙwari ta ke tasowa a arewacin ƙasar Cadi, ana ce da shi Bodele, inda a da can akwai babban tafki, ya ƙafe ya bar gari mai laushi, iskar arewa maso gabas kuwa ta ke kwaso shi ta kawo mana har cikin hanci. A makon nan sai ga Kufena ya fito sarai kwana uku a jere. Da asuba har yanzu sai da mayafi, amma kafin hantsi ya dubi ludayi mutum ya fara neman inuwa. Watau bazara tana bakin ƙofa.

A lambu kuwa wannan shi ne lokacin da mai lambu ke dariya da ido ɗaya. Tumatir ya nuna gaba ɗaya, naka da na maƙwabcinka da na dukan fadama, har kwandon da a ke rububinsa da damina yanzu sai ka roƙi mai saye. Albasa ta kwantar da ganye, ta kusa cira. Latas da kabeji, waɗanda sanyi ne abincinsu, sun fara nuna gajiya. Rijiyar lambu kuma ta ja da baya, har mun ƙara mata gaba guda. Kakanninmu da jigo su ke ban ruwa, guga ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa da inji mu ke yi, sai dai inji ya fi jigo saurin kai mutum ga gindin rijiya. Abin da kowane mai tumatir ke tsoro in zafi ya shigo shi ne tsutsar nan da manoma ke kira sharon, mai shiga tsakanin ganye ta cinye shi ta ciki. Ba mu manta da shekarar 2016 ba, sa'ad da ta share lambunan jihar Kaduna da na Kano har tumatir ya gagari talaka. Saboda haka kowace safiya sai na juya ganye na duba bayansa kafin in yi wani abu.

Itatuwa ma kowanne ya san lokacinsa. Mangwaro ya zubar da fure ya ɗaura 'ya'ya ƙanana kamar gujiya. Ɗorawa ta fara rataya jajayen furanninta masu kama da tuntun hula. Kuka tana tsaye tsirara, gawo kuwa, da ya ke shi kullum saɓanin jama'a ya ke yi, yanzu ne ya ke da ganye shar. Rimi ya riga ya yi fure tun tsakiyar sanyi, 'ya'yansa sun rataya, nan gaba kaɗan za su fashe audugar ta bi iska. Mutane da yawa ba su san jemage ne ke yi wa rimi da ɗorawa barbara ba. Da dare ya ke zuwa shan zaƙin furen, garin furen ya manne masa a gashi, ya kai shi wata bishiya. Kowa ya sa daddawa a miya, to, ya ci aikin jemage, ko da ya ke ba ya gode masa.

Cikin zagayen da mu ke yi, hancin Ƙyale-su ya kan nuna mini abin da idona ba zai gani ba. Shekaranjiya ya tono bushiya a gindin shinge, ta dunƙule, ya yi ta kewaya ta yana haushi, daga baya ya ga ba riba ya bar ta. Kurege kuwa ya raina shi ƙwarai, ya kan miƙe tsaye bisa ƙafafun baya ya jira har sai ya matso, sa'an nan ya faɗa rami. Damo ya fara fitowa shan hantsi a kan tsohuwar ganuwa, inda masu ɗibar ƙasar gini suka rage. In damo ya fito, maciji ma ya kusa, don haka masu shiga lambu da duku-duku su riƙa sa takalmi. Yara kuma sun fara sa wa ciyawa wuta don neman gafiya da zomo, da hayaƙi ya tashi sai ka ga shirwa sun taru a sama suna cafke fara, balbela kuma suna bin bayan wutar a ƙasa. Akwai wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki, mai yawan kaɗa wutsiya, wanda ke bin ƙafafun shanu a fadama. Baƙo ne daga Turai, gudun sanyin can ya kawo shi, bai kai rabin ƙwan kaza nauyi ba, amma cikin watan Maris ko Afrilu zai ƙetare hamada ya koma. Shamuwa kuwa tana can kudancin Afirka, ba za mu gan ta ba sai hadari ya fara haɗuwa.

To, jama'a, kun ji kowa ya zo a kan lokacinsa, wanda bai zo ba kuma an san ranar zuwansa. Saura guda ɗaya, ita ce dalilin wasiƙar nan.

Ran nan muna zagaye sai kare ya fizgi igiya, ya ja ni zuwa wani kwazazzabo a gindin ganuwa. Ashe mushen jaki ne wani ya jawo da dare ya yar. Na ja shi muka wuce, na ce a raina kafin gobe an gama da shi. Gobe ta yi yana nan. Jibi yana nan, ya kumbura. Har kwana tara mushen nan yana kwance, wari ya hana masu lambu na kusa cin abinci a bukkokinsu, ƙudaje kuwa daga kansa sai kan tumatir da a ke jerawa a kwando za a kai kasuwa. Tun daga rana ta uku karnukan da ba su da iyayengiji suka gane wurin, suka tare a nan, suna ci suna faɗa. Rana ta shida ɗayansu ya ciji wani yaro a ƙwauri, jikan dattijon da lambunsa ke gab da nawa, yana kan hanyar kai wa kakan nasa koko. Muka wanke ciwon da ruwa da sabulu, aka ɗauke shi a babur zuwa asibiti, aka fara yi masa allurar haukan kare. Yaron ya samu sauƙi, alhamdu lillahi, amma kuɗin allurar ya cinye abin da tumatir ɗin tsohon ya kawo bana. Daga bisani mu ne muka haɗu muka haƙa rami muka binne abin da ya saura.

Da muka gama, tsohon ya zauna bisa kunya yana share zufa, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya daɗe. Sa'an nan ya ce mini, "Malam Akawu, kai da ka ke rubuce-rubuce, ka ga abin da babu?"

Na ce, "Me ke nan, Baba?"

Ya ce, "Kwana tara mushe a fili, ko ungulu ɗaya ba ta sauka ba. Muna yara, in jaki ya mutu da safe, kafin la'asar sai ƙashi. A mayanka kuwa sai mahauci ya sa ƙafa ya ture su kafin ya sami wurin tsayawa. Kowane rimi na cikin birni da nasa."

Na yi shiru, gama abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Da na koma gida na buɗe ɗan littafin da na ke rubuta abin da na gani a zagaye, na bi shi shafi shafi tun daga kaka. Ga shirwa, ga hankaka, ga hasbiya, ga cilakowa, har mujiya sau biyu. Ungulu kuwa ko sau ɗaya ban rubuta ta ba, ban kuwa lura ban rubuta ba. Ni kaina ina yaro na san su a kan rufin rumfunan mahauta. Ban san ranar da na yi musu ganin ƙarshe ba, domin ba wanda ke ban kwana da ungulu.

Kada wani ya ce wannan abin Zariya ne kaɗai. A shekarar 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke shirin ƙarewa, wadda a ke kira IUCN, ta sa ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin waɗanda suka fi kusa da ɓacewa, tare da waɗansu 'yan'uwanta na Afirka. Dalilan kuwa ba ɓoyayyu ba ne, kuma yawancinsu aikin hannunmu ne.

Na farko, ana kashe ta ana sayarwa. Kanta da ƙafafunta da gashinta da ƙwanta duk sun zama haja a kasuwannin masu magani, a nan Arewa da Kudu, saboda masu cewa tana kawo sa'a ko tana sa a ga abin da ke ɓoye. Da ta yi ƙaranci a ƙasarmu sai 'yan kasuwa suka shiga kawo ta daga ƙasashen maƙwabta. Da ma an ce ungulu da kan zabo, to, yau kan ungulu ya fi zabo sukutum tsada.

Na biyu, guba. Wani ya kan barbaɗa maganin ƙwari a kan mushe don ya kashe karnuka ko dila, wani kuma don ungulun ya ke yi. Da ya ke taruwa su ke yi su ci tare, mushe ɗaya ya isa ya ƙare na gari guda. A ƙasar Botsuwana cikin shekarar 2019 an sami ungulu 537 matattu a wuri ɗaya, a kan gawawwakin giwaye da mafarauta suka sa wa guba.

Na uku, itatuwa. Ungulu ba ta sheƙa sai a doguwar bishiya, irin su rimi da giginya da maɗaci. Ƙwai ɗaya tak ta ke yi a shekara, cikin rani, ta kwanta a kansa wajen kwana 50, sa'an nan ɗan ya yi wata uku ko fi kafin ya tashi. Watau a daidai wannan lokaci da na ke rubutu ya kamata a ce 'ya'yansu suna cikin sheƙa. Tsuntsun da ke haihuwa haka, in aka kashe goma, ba a mai da su a shekara goma. Birnin Zazzau kuwa an san shi da rimi tun da, har unguwanni suka ci sunansa, ga Rimin Tsiwa, ga Rimin Danza, ga Rimin Doko. Ana ce masa adon gari. Amma yau in tsohon rimi ya faɗi, ko aka sare shi aka yi katako, shago a ke ginawa a gurbinsa, ban taɓa ganin an dasa wani ba. Mu kan ce ungulu ta koma gidanta na tsamiya. In an sare tsamiyar fa, ina za ta koma?

Watakila wani zai ce, to, mene ne abin baƙin ciki don mummunan tsuntsu mai cin mushe ya ɓace? Amsar tana ƙasar Indiya. Can suna da shanu masu yawan gaske, yawancin mutanen kuwa ba su cin naman, in saniya ta mutu ungulu a ke bar wa. Cikin shekarun 1990 aka shiga yi wa shanu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna dikilofenak. Ashe duk ungulun da ta ci naman dabbar da aka yi wa, ƙodarta ke lalacewa ta mutu. Ba a gane dalilin ba sai 2004, aka hana ba dabbobi maganin a 2006, amma kafin nan waɗansu irin ungulu sun ragu da fiye da 95 cikin 100. Sai mushe ya yi ta ruɓewa a fili yana ɓata ruwan sha, karnukan sake suka yawaita, cizo ya yawaita. A shekarar 2024 waɗansu masana biyu suka fitar da lissafi, suka ce rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane wajen 500,000 a Indiya tsakanin 2000 da 2005. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Hikimar da Allah ya yi a cikin tsuntsun nan ita ce, ruwan cikinta yana da tsami mai ƙarfi ƙwarai, har ya kan kashe yawancin ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe. Abin da ya shiga cikinta ya ƙare ke nan. Kare da ɓera da ƙuda kuwa ci su ke yi su biyo mu gida da shi. Ban ce da akwai ungulu da kare bai ciji yaron nan ba, wannan sanin Allah ne. Abin da na sani shi ne, da akwai su, da mushen bai kai rana ta uku ba, balle karnuka su mai da wurin gida. Haukan kare kuwa ba ciwon wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, da yawa daga ciki yara ne, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum sai dai addu'a.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne wannan. Nan da wata biyu ko uku shamuwa za ta sauka, yara su yi ta murna, ba kuwa mai taɓa sheƙarta ko da a tsakar gidansa ta yi. Madalla da haka. Amma shamuwa labari kawai ta ke kawowa, ko ta zo ko ba ta zo ba ruwa zai sauka in Allah ya so. Ungulu kuwa aiki ta ke yi mana, shekara da shekaru tana share gari ba albashi ba fansho, ladan da muka ba ta shi ne zagi da jifa, daga ƙarshe muka kai kanta kasuwa. Mu ma'aikatan ofis mun san irin wannan, masinja mai share ofis ba a tuna da shi sai ranar da bai zo ba. Gauraka ma haka muka yi sake da ita, tsuntsun da a da ke yawo a gidajen sarakuna, yau da wuya ka gan ta a dajin Nijeriya.

Saboda haka ina da roƙo huɗu, kowanne da mai shi.

Ga malamanmu, Allah ya gafarta muku, ku ne a ke jin maganarku. Ku gaya wa jama'a a wurin karatu da wa'azi abin da addini ya ce game da neman sa'a a kan mataccen tsuntsu, da kuma kashe halitta ba da wani dalili ba. In mai saye ya daina, mai kamawa zai daina.

Ga masu unguwa da hakimai, Allah ya ja zamaninku, a sa ido kan manyan itatuwan da suka rage a cikin birni da bayansa, kada a sare sai da dalili, in an sare ɗaya kuwa a dasa biyu a inda ba za su danne gidan kowa ba. A kuma hana jefar da mushe a gindin ganuwa da kududdufi. Tun da mai share mana ba ta nan, wanda dabbarsa ta mutu ya haƙa rami mai zurfi ya binne, kada kuwa ya sa mata guba.

Ga masu karnuka irina, mafarauta da makiyaya da masu lambu, a kai kare a yi masa allura kowace shekara, a kuma ɗaure shi. Likitoci sun ce in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na gari allura, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. Wanda kare ya ciza kuwa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a tafi asibiti ran nan, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru.

Ga malaman makaranta da 'yan'uwana akawuna, mu da alƙalami ke hannunmu, ga ɗan aiki mara wuya. Kowa ya duba garinsu, ya je mayanka ranar kasuwa, ya dubi kan dogayen itatuwa da maraice, ya tambayi mahauta da tsofaffi. In ya ga ungulu ya ƙidaya, ya rubuta rana da wuri. In bai gani ba, ya tambaya yaushe aka yi mata ganin ƙarshe. Sa'an nan ya aiko wa Edita, ni kuwa in ya yarda zan tattara in karanta muku a wannan fili. Sai dai wanda ya san inda sheƙa ta ke, ya faɗi sunan gari kawai, kada ya faɗi bishiyar, domin ba masu son alheri kaɗai ke karanta jarida ba. Malamina na Katsina, da kai zan fara, ko ba kare kana iya zagawa.

An ce ungulu ba ta jewar banza. To, rashin jewarta ma ba banza ba ne. Ni dai gobe da asuba, in Allah ya kai mu, zan kwance Ƙyale-su mu zaga, shi hancinsa a ƙasa, ni idona a sama. A wata mai zuwa kuma zan ba ku labarin cirar albasa da yadda a ke adana ta kada ta ruɓe kafin ta yi daraja.

Allah ya kai mu damina lafiya, ya ba yaron nan sauƙi mai ɗorewa, ya mayar wa kakansa abin da ya kashe, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawu Mai Lambu,
Birnin Zariya.